Agogona da Gangar Baba Tanko

Akwai maganar da kuka tashi kuna ji a gidan nan, har wasunku sun maimaita ta a gabana ba tare da sun san inda take taɓa ni ba. Ana cewa kakanku Malam Iliya, da ya ga suna ya zo masa da tsufa, sai ya yar da abokinsa na shekara arba'in ya rungumi inji. A bikin Zainabu ma na ji wani dattijo ya faɗe ta yana dariya, lokacin da yara suka kunna tsohuwar waƙar nan da kuka juye daga kaset zuwa wayoyinku. Na yi shiru kamar yadda na saba. To, yanzu furfura ta gama kaina, waɗanda suka san yadda aka yi kuma duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Idan ban rubuta ba, maganar za ta zauna a kan kakanku har abada, alhali ba kayansa ba ne. Nawa ne.

Mahaifina Malam Iliya mawaƙin noma ne, Baba Tanko kuma shi ne mai gangarsa. Tun kafin a haife ni suke tare. Idan mutum ya kira gayya, maza suka taru don su yi masa huɗa rana guda, sai a aiko musu. Manoma su jeru da garemani, kowa da layinsa, Baba yana bin su yana kiran sunayensu da na iyayensu, Baba Tanko yana gefe da ƙatuwar ganga rataye a kafaɗa. Daga Kura zuwa Bunkure har bakin Kumbotso babu ƙauyen da ba su taka ba. Gidan Baba Tanko yana bayan namu, ƙaramin kanal na ban ruwa ne ya raba mu. Kullum bayan magariba sai ya tsallako ta kan guntun giginyar da aka gitta, ya zauna a tabarmar ƙofar gida, su ci tuwo a kwano ɗaya. Inna ta san shi da son yaji, don haka takan barbaɗa masa nasa a gefe guda na kwanon.

"Iliya," zai ce, "yau da asuba na ji kana gwada sabuwar waƙa, har na fara yaba maka. Da na leƙa sai na ga ashe kwaɗin kanal ne."

"Ci tuwonka, Tanko. Hannun nan naka a kwano kaɗai saurinsa ya rage."

Inna kuma daga bayan zana ta ce, "Ku dai ku gama ku miƙo mini kwanona."

Da ruwan dam ya iso mana, komai ya sake. Aka yanka ƙasa fili-fili, aka ja kanal, mutane suka koma shinkafa da damina, alkama da tumatir da albasa da rani. Alheri ne, ba na musu, da tumatirin nan na yi karatu. Amma tarakta ta karɓe huɗa, abin da ya rage a ba 'yan ƙwadago. Gayya ta zama sai jefi-jefi, a gonakin tudu inda ruwa bai kai ba. Samari kuwa kowa ya ɗaure rediyo mai kaset a kan keke, sai kiɗan disko da waƙoƙin Indiya. Gangar Baba Tanko takan yi wata biyu a rataye ba a taɓa ta ba.

A shekarar da nake ba ku labari, cikin shekarun tamanin, ina ajin ƙarshe a kwalejin horon malamai. Ku da kuka san ni da surutu a kan jikoki ba za ku yarda ba, amma a lokacin idan baƙo ya yi mini sallama sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abokaina biyu ne: ɗan littafin da nake rubuta komai a ciki, da agogon hannu mai allurar daƙiƙa wanda Baba ya saya mini ranar da na shiga kwaleji. Ranar da aka saki ruwa a kanal, ranar da aka rufe, tsawon lokacin da ruwa yake ɗauka kafin ya cika filinmu, duk ina rubutawa. Babu wanda ya sa ni, babu kuma wanda ya taɓa tambaya. Baba Tanko ne kaɗai yakan tsokane ni, ya ce, "Malam Ƙarami, duba mana littafin, yau ƙuda nawa ya wuce?"

Ana tsakiyar ɗiban tumatir Bala ya zo. Saurayi ne ɗan Bunkure, ya yi shekaru a Legas yana aikin ɗaukar waƙa, ya dawo ya buɗe nasa wurin a Kano. Ina so ku sani ba mugu ba ne. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida su, ya ce marigayi mahaifinsa manomi ne, kuma akwai sunansa a cikin waƙar Baba. Ya rera baitin. Ya ce ba ya son waƙoƙin nan su tafi tare da masu su, yana so ya sa su a kaset, amma da ɗan kiɗan zamani a ciki don samari su saurara. Baba ya dubi Baba Tanko.

Baba Tanko ya ce, "Mu je mana. In ba mu samu komai ba ma sha lemon birni."

Da hutunmu ya zo aka tafi, su biyu da 'yan amshi biyu, da ni don in rubuta baitoci. Ɗaki ne a saman bene, an manne bangonsa da kwalin ƙwai da tsofaffin katifu, babu taga. Kafin a fara, Bala ya ɗauko faya-fayai biyu ya nuna mana hoton da ke bayansu: wasu Turawa ne masu jita, a na farko samari da dogon gashi, a na biyu su ne dai, amma sun yi tumbi, gashin ya ja baya.

"Baba, waɗannan sun fi shekara ashirin suna kiɗa tare," in ji shi. "Ji tsohon faifansu. Yanzu kuma ji na bana."

A tsohon, kiɗan yana da ƙura-ƙura, kana jin mutane ne a ɗaki ɗaya suna gumi. A sabon, komai fes, ganga tana faɗowa kamar ana rufe ƙofar ƙarfe, kowane bugu daidai da ɗan'uwansa, ga fiyano ta lulluɓe jitar, muryar mawaƙin kuma tana amsa kanta kamar a cikin rijiya. Bala ya ce ko su da suka ƙi sauyawa sai da kasuwa ta koya musu. Ya dafa wani baƙin akwati mai maɓallai, bai fi faranti girma ba, ya ce wannan ne yake yi musu ganga yanzu.

Baba Tanko ya karkata kai ya ce, "To mai gangarsu fa? Ya rasu ne?"

"Yana nan, Baba. Ga shi a hoton, na gefen dama."

"Allah sarki," in ji Baba Tanko. "Hoto ya rage masa."

Aka yi dariya, har da Bala.

Yadda ake aikin ya ba su mamaki. Ba tare ake yi ba. Za a fara ɗaukar ganga ita kaɗai, sannan murya, sannan amshi, sannan Bala ya ɗora fiyano a kai. Waƙar da takan ci rabin yini a gona, ya ce ba za ta wuce minti bakwai ba. Amshi kuwa sau ɗaya za a yi shi da kyau, ya juye shi, ya yanka zaren da reza ya liƙa duk inda ake bukata. Amma duk wannan yanka da liƙi ba ya yiwuwa sai kiɗa yana tafiya bai ɗaya daga farko har ƙarshe. Aka shigar da Baba Tanko wani ɗan lungu shi kaɗai, aka rufe. Ta gilashi muna ganinsa. Ya rufe ido, ya fara. Ban taɓa jin gangar nan ta yi daɗi kamar ranar ba. Bala kuwa yana ta girgiza kai. Ya tsayar, aka sake. Ya sa masa abin ji a kunne, akwatin yana yi masa ƙwas, ƙwas, ƙwas, ya ce ya bi. Baba Tanko ya bi na ɗan lokaci, can sai ya rabu da shi. Sau shida ana sakewa. A na shida ya cire abin daga kunnensa ya ce, "Ɗana, wannan ƙwaron naka ba ya numfashi ne?" Wasu samari da ke jiran layi a bakin ƙofa suka tuntsire da dariya. Wannan dariyar ba irin ta farko ba ce, na ga Baba ya sunkuyar da kai.

Da za mu tafi Bala ya ja Baba gefe. Ya ce gangar tana tafiya tana tsayawa, ba zai iya ɗora komai a kanta ba. Ko a yi da akwati, ko a haƙura da kaset. Ya ba shi kaset na gwaji mai gangar Baba Tanko ita kaɗai, ya ce ya je ya saurara da kansa.

Washegari Baba ya same ni a bakin filin albasa. Ya daɗe yana kallon ruwa kafin ya yi magana.

"Hamisu, kai ba ka iya ƙarya ba, kuma kana da agogo. Yaron nan ya ce gangar Tanko tana tafiya tana tsayawa. Ni shekara arba'in ban ji ba. Ko dai kunnena ne ya saba, ko yaron ne bai san kiɗa ba. Duba mini."

Ya kamata in gaya muku abin da na ji a zuciyata, don nan ne laifin ya fara. Daɗi na ji. Tun da na shiga boko, ranar ce ta farko da aka nemi karatuna a gidanmu don wani abu da ya wuce karanta wasiƙa. Na ari rediyo, na sayi batir, na zauna a gindin mangwaro kwana uku. Ina kallon allurar agogo ina ƙirga bugu, duk rabin minti in rubuta. Na ja layuka da rula. Na maimaita sau uku don kada in yi kuskure, kuma ban yi ba. Gangar tana tafiya daidai na ɗan lokaci, sai ta yi sanyi, ta ja ƙafa, sannan ta sake tashi. Haka har ƙarshen kaset. Na kai wa Baba littafin, na nuna masa da yatsa duk da ba ya karanta boko.

"Baba, gaskiyar Bala ce."

Da a nan na tsaya, da sauƙi. Amma sai na ƙara abin da ba a tambaye ni ba, abin da agogo bai gaya mini ba. Na ce, "Ina ganin tsufa ne. Hannunsa yana gajiya, sai ya huta, sannan ya ci gaba."

Baba ya ce, "Tanko?" Can ya ce, "To."

Daga baya na fahimci abin da ya auna. Muryarsa ta fara tsagewa a sama, ya san ba ta da sauran shekaru da yawa. 'Yan amshinsa biyu sun sa rai. Abin da ya fi komai kuma, ba ya so a sake rufe abokinsa a lungun nan samari suna yi masa dariya, in har da gaske hannun ya tafi. Da magariba Baba Tanko ya tsallako kamar kullum. Ina cikin zaure, littafin yana aljihuna, ina jin su.

"Tanko, kaset ɗin nan da inji za a yi shi."

Na ji an ajiye loma.

"Yaron birni ne ya ce, ko kai ka ji da kunnenka?"

Taku uku ne tsakanina da su. Abin da ya rage mini in fito in ce ni ne, ni na ƙirga, ni na ce tsufa ne. Ƙafata ta ƙi ɗaguwa.

Baba ya ce, "Ni na ji da kunnena."

Baba Tanko ya wanke hannu a hankali. Ya ce, "To, madalla. A ce wa mai tuwo an gode." Ya tsallaka giginyar, bai sake tsallakowa ba.

Aka yi kaset. Na mayar wa Bala na gwajin da hannuna. Kafin ruwan farko ya sauka waƙar ta cika gari, a tashar Kura, a kasuwar Bunkure, a injinan casar shinkafa, a kan kekunan samarin da a da ba sa tsayawa su gaida Baba. Muryarsa ta fito kamar ta ɗan shekara talatin, Bala ya ninka ta biyu ya sa mata amsa-kuwwa. Mutane suna zuwa ganinsa daga nesa. Suna fita kuma suna cewa, ka ga mutum, ya samu duniya ya manta Tanko. Baba yana ji bai taɓa tankawa ba. Da magariba yakan zauna a tabarmar shi kaɗai, ya juya bayansa ga kanal. Inna kuwa ba ta fasa ba, kullum tuwon mutum biyu take zubawa, da yaji a gefe guda. Kullum gefen nan yana dawowa ba a taɓa ba. Wata rana na ce mata ana ɓarna. Ta dube ni ta ce, "Kai ka noma dawar?" Wata huɗu muka yi a haka.

Da damina ta yi tsaka, ina gida dogon hutu, Malam Jibo ya kira gayya. Tsoho ne, 'ya'yansa sun tafi kudu, gonarsa tana tudu bayan kanal na ƙarshe. Samari suka ce ba sai an wahalar da kowa ba, ga kaset. Suka rataye rediyo a reshen ɗorawa suka ƙure ƙara. Baba ya zo, amma ya zauna a inuwa, yana jin muryarsa tana fita daga bishiya. Ni ma na ɗauki garma na shiga layi, don kunyar a ce ɗan Iliya ya fi ƙarfin gona.

Layin farko ya yi kyau, har da ihu. Muka kai ƙarshen gona, inda mutum yakan miƙe ya dafa ƙugu, ya tofa yawu a tafin hannu, ya juya. Kiɗan bai san mun kai ba. Ya ci gaba, ƙwas, ƙwas, samari suka juya a guje suka bi shi. A layi na uku jerin ya watse. Matasa suna can gaba, dattawa a warwatse, ni a can baya da bororo a tafin hannu, kowa yana ganina. Malam Jibo da kansa ya zauna a kan huɗa a tsakiyar gonarsa yana haki. Wani dattijo ya jefar da garma ya ce, "Kai, ku kashe abin nan! Wanda ya yi kiɗan nan bai taɓa ciwon baya ba." Aka kashe. Aka ci gaba shiru, ba a ko kai rabin gona ba aka tashi.

Kun san hali ba ya barin mai shi. Ko ina haki, duk lokacin da na gaba suka kai ƙarshe sai na dubi agogo. Layi ɗaya yana cin kamar minti biyu da rabi. Tun a gonar na ji lissafin nan ba baƙo ba ne a wurina. Ina isa gida, ko hannu ban wanke ba, na buɗe littafin. Ga shi nan da rubutuna, da layukan rulata. Duk bayan minti biyu da rabi gangar take yin sanyi. Ba ta taɓa saɓawa ba, daga farkon kaset har ƙarshe. Hannun da ya gaji ba ya gajiya da ƙa'ida haka. Mutumin nan da ya rufe ido a cikin lungu mai kwalin ƙwai, gona yake gani. Yana kai mutanensa ƙarshen layi, ya jira su miƙe su juya, sannan ya sake ɗaukar su. Ƙirgata daidai ce, ko ɗaya ban ɓata ba. Karatun ne na yi a juye.

Da la'asar na tsallaka giginyar. Na same shi a filin shinkafarsa, ya naɗe wando yana toshe bakin ruwa da laka. Na gaishe shi, ya amsa. Na tsaya. Na daɗe a tsaye har ya ɗago.

"Malam Ƙarami, ƙuda ka zo ƙirgawa ko sauro?"

Na buɗe littafin. Na faɗa masa komai, har kalmar tsufa ban ɓoye ba. Na ce Baba bai ji komai ba, shi ma cewa ya yi shekara arba'in bai ji ba, ni na kai masa takarda. Ina jiran faɗa. Sai na ga ya fito daga ruwan a hankali ya zauna a kan gaɓa.

"Sake faɗa. Iliya ya ce bai ji ba?"

"Ya ce bai ji ba, Baba."

"Ba kunnensa ba ne?"

"Agogona ne."

Ya rufe fuska da hannuwansa masu laka. Na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce, ko da yake da ya sauke hannun idanun a jiƙe suke.

"Wata huɗu ban yi barcin kirki ba," in ji shi. "Yaron birni ya faɗi abin da ya ga dama, me ya sani? Amma Iliya? Na ce ɗayan biyu ne, ko hannuna ya mutu ban sani ba, ko kunnen Iliya ya mutu. Kowanne kuma mutuwata ce. Ashe ƙarya ya yi mini, ɗan banza."

Na nuna masa wuraren da gangar take jira, na ce na gane ƙarshen layi ne. Na ce amma akwai wasu ƙananan wurare a tsakiya da ban gane ba.

"Wannan na baya ne," ya ce. "Mai ganga ba ya kallon na gaba, na gaba ba ya bukatarsa. Na baya ake kallo. In ka ga ya fara nisa da jama'a sai ka ɗan ja ƙafa, na gaba su lafa ba su sani ba, shi kuma ya kamo su ba wanda ya gane. Kowa ya koma gida yana namiji." Ya dube ni ta gefen ido. "Ka tuna gayyarka ta farko, a gonar mai unguwa, kana ɗan shekara sha biyar? Ka dawo kana gaya wa Innarka ba a bar ka a baya ba?"

Na ce na tuna. Har a littafi na rubuta ranar.

"To, rannan gangata kusan barci ta yi."

Ban san lokacin da na zauna a cikin laka ba.

Da magariba muna zaune sai muka ji giginya ta yi ƙara. Baba bai juya ba, amma na ga bayansa ya miƙe. Baba Tanko ya zo ya tsaya a kansa.

"Matsa mini, maƙaryaci."

Baba ya ɗago ya dube shi, ya dube ni a bakin zaure, ya gane. Ya matsa.

"An ce yau ka hau ɗorawa kana waƙa," in ji Baba Tanko. "Da tsufanka, Iliya?"

"Ci tuwonka, Tanko."

Inna ta miƙo kwano ta gefen zana. Ba ta ƙara ko loma ba, don dama na mutum biyu ne. Rannan kwanon ya koma a suɗe.

Bayan kwana biyu aka koma gonar Malam Jibo, da ganga. Na sake shiga layi da tsumma ɗaure a tafin hannu. Wannan karon na san abin da nake saurare, kuma na ji shi. Duk lokacin da na fara nisa sai kiɗan ya ɗan lafa, kamar mutum ya rage tafiya a hanya yana yi kamar takalminsa yake gyarawa. Kafin la'asar aka gama gonar.

Kada ku ɗauka komai ya gyaru. Na koma Kano neman kaset na gwaji, Bala ya ce ya riga ya ɗora wani aiki a kai, haka yake yi da duk na gwaji. Ya ji labarin, jikinsa ya yi sanyi, ya yi alkawarin zai zo da na'ura ya ɗauke su a gona da damina mai zuwa. Kafin damina ta zo ɓarin jikin Baba Tanko na dama ya shanye. Ya yi shekara biyu Baba yana tsallakawa da kwanon, yana ba shi a baki, suna zagin juna, sannan Allah Ya karɓi abinsa. Babu inda gangarsa ta rage a duniya sai a lambobin da ke cikin littafina. Yana nan a ƙasan akwatina, mai koren bango.

Na nemi in faɗa wa mutanen gari gaskiya, Baba ya hana. Ya ce, "Ni na tambaye ka, ni kuma na yanke. Malami za ka zama, yara za a ba ka. Bar ni da abina, Tanko ya sani, ya ishe ni." Na bi umarninsa yana raye. Bayan ransa kuma, in faɗa muku gaskiya, ba biyayya ba ce ta rufe mini baki, irin ƙafar nan ce da ta ƙi ɗaguwa a zaure. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, kuma duk ajin da na shiga, bencin baya nake fara kallo.

Abu ɗaya nake roƙonku. In kun sake kunna waƙar, ku yi shiru ku saurara wajen minti biyu da rabi. Za ku ji muryar kakanku ta ɗan makara, injin ya wuce ya bar ta, sannan ta kamo shi. Za ku sake ji a minti na biyar. Ina ɗakin ranar da aka ɗauka. Bala ya ce kuskure ne, a sake. Aka sake sau uku, kullum a nan take makara. A ƙarshe Baba ya cire abin kunnen ya ce a bar shi haka, ba zai iya ba. A lokacin ni ma kuskure na ɗauke shi, har na rubuta a littafi. Ƙarshen layi ne. Tanko yake jira.